Talabijin Ya Ƙara Girma, Fuskar Ɓarawo Ta Dushe

Zancen filinmu na wannan mako ya taso ne daga wani mai sito a Nyohini, nan cikin Tamale. Ya sa kyamara huɗu da na'urar naɗar hoto, wadda masu haɗawa ke kira DVR, yana kallo a ɗan ƙaramin allo, komai tsaf. Da kasuwa ta yi kyau sai ya sayo talabijin mai inci 55. Ran da aka ɗauke masa buhunan masara da dare, ya tara maƙwabta, aka mayar da hoto baya. Ga mutum nan kowa na gani, ga buhu a kafaɗarsa, amma fuska dishi-dishi kamar an shafa mata koko. Ya ce shi dai an sayar masa da jabun talabijin.

To malam, kafin ka koma Aboabo ka yi rigima da mai kanti, tsaya ka ji. Hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera. Talabijin mai lamba 1080 yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato sama da miliyan 2. Wanda aka rubuta wa 4K yana da sama da miliyan 8. Ita kuwa na'urar naɗa, in aka bar ta a kan mafi ƙanƙantar awonta da ake kira CIF, ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, dubu 101 da 'yan kai. Ka ga ke nan kowane ɗigo guda sai an baje shi a gurbin ɗigo wajen 80 kafin ya cika allon 4K. Kai da ka san nono, ƙwarya guda ce aka juye a babban baho aka cika da ruwa. Ƙaramin allon nan na da can rufa wa hoton asiri yake yi.

Fara da wayar da ta haɗa na'ura da talabijin, don nan ne gyara ya fi araha. In ka leƙa baya ka ga waya mai kai ruwan ɗorawa, ita ce tsohuwar hanya, ba ta ɗaukar abin da ya wuce layi 576 komai kyan kyamararka. Cire ta, ka sa HDMI, mai faffaɗan baki. Kada wani ya ce sai mai tsada. A tazarar mita biyu ko uku, mai araha in dai lafiyarta lau hoto ɗaya za ta ba ka. Bayan haka a shiga saitin na'urar, wurin da take tura hoto zuwa allo. Ko ba ka jin Turanci, lambobi za ka nema. In ka ga 1024x768 ko 1280x720, a mayar da shi 1920x1080. In kuma shanunka sun yi faɗi kamar an danne su, mutane sun zama gajeru, tsarin allon ne bai dace ba, a gwada tsakanin 4:3 da 16:9 da rimot. Akwai kuma saitin kaifin hoto a talabijin, wanda 'yan kanti ke ƙurewa don ya ja ido. Rage shi, domin dattin hoto yake ƙara fitarwa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Abin da kake gani kai tsaye daban, abin da na'ura ke ajiyewa daban. Mutum zai zauna yana kallon garkensa tar a allo, hankalinsa kwance, alhali abin da ake naɗewa a ciki ƙaramin awo ne. Wasu masu haɗawa suna rage awon da gangan, don su ce maka ma'ajiyar za ta riƙe hoton wata guda cur. Ba ƙarya suka yi ba, za ta riƙe, sai dai hoton da ba ya nuna fuskar kowa. Ga lissafin: kyamara guda mai naɗa da ƙarfin megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 21 a kwana ɗaya. Huɗu sun ci wajen 86. Ma'ajiya mai terabait 1 za ta cika a kwana 11 ko 12, daga nan sabo ya riƙa goge tsoho. Ni a ganina, mai sito da ke leƙa kayansa kullum kwana 11 masu kyau sun ishe shi. Wanda ke tafiya Wagadugu ko Kumasi ya yi mako uku, shi ya ƙara ma'ajiya, ko ya sa a kunna tsarin H.265 in na'urarsa na da shi, don yana rage cin wuri kusan da rabi. Ka kuma duba kwalin da kyau: 1080N ba 1080P ba ce. Mai N ɗin ɗigo 960 take naɗewa a kwance, rabin ɗaya ke nan, kuma ita ta fi yawa cikin masu araha.

Abin da aka riga aka naɗe da ƙaramin awo ya tafi. Irin abin nan na fim, da ake danna maɓalli fuska ta fito, babu mai gyaran da zai yi maka shi a Tamale, babu a Akara.

Sauran matsalolin na waje ne. In hoto ya koma baƙi da fari da rana tsaka, ko yana birgima, sau da yawa kyamara da na'ura ne ba su jitu ba. Gana da Najeriya tsarin PAL muke bi, kayan gwanjo daga Amurka kuwa NTSC suke zuwa da shi, sai a daidaita su. In layuka na hawa da sauka, duba ko an ɗaure wayar kyamara tare da wayar lantarki, a raba su. In da rana lafiya, da dare hoto ya lalace, zargi wuta: kyamara bolt 12 take so, fitilun darenta na ƙara jan wuta, doguwar siririyar waya zuwa turke kuwa tana shanye ƙarfin a hanya, balle in wutar NEDCo ta yi ƙasa ko batirin sola ya gaji. Sai hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura na kwanciya a gilashi, gizo-gizo ya yi yana a bakinsa, hasken dare ya bugi yanar ya dawo, allo ya yi fari fat. Tsumma mai laushi sau ɗaya a mako ya wadatar.

Kyamarar da aka kafa can ƙololuwar sanda don ta ga garke duka, hula da rawani kawai za ta nuna maka. Ware guda ɗaya ka saukar da ita daidai ƙofar da dole a bi, kada ta kalli fitowar rana ko fitila.

In abu ya faru za ka kai wa 'yan sanda, kada ka ɗauki allon talabijin da wayarka, a kwafo hoton daga na'ura zuwa filash. WhatsApp ma matse bidiyo yake, sai in an tura shi a matsayin takarda. Ka duba agogon na'urar: wadda aka saita a Kano ko Maraɗi tana gaban lokacin Gana da awa ɗaya, kuma awa ɗaya ta isa ta rikita shaida.

Yau da dare bayan isha, sa yaronka ya shigo ta ƙofar sito ko ta bakin garke da tafiyarsa ta kullum. Da safe a mayar da hoton baya a kan babban talabijin, a tsayar da shi daidai ƙofa, ka kira maƙwabci ka tambaye shi wane ne wannan. In ya yi jim, kira wanda ya haɗa maka kyamarar, ka ce ya zo da tsani.