A Duba Haƙoran Mujalla Kafin a Biya

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ba mai sayen sa don mai shi ya rantse lafiyarsa ƙalau. Sai an buɗe baki an duba haƙora, an shafa tozo. Abin mamaki, da zarar an ce mana malami wane ya wallafa takardun bincike ɗari, sai mu sallama.

Malamin babbar makaranta, ko a Kwalejin Ilimi ta Gumel yake ko a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ƙarin girmansa na rataye da abin da ya wallafa. 'Yan damfara sun san haka. Sukan buɗe mujallar bogi a intanet, su raɗa mata suna mai ƙyalli, su aiko saƙo: turo kuɗi, takardarka ta fito cikin mako guda. Mujallar gaskiya kuwa sai ta miƙa aikin ga wasu masanan fannin sun tankaɗe sun rairaye, abin da kan ci watanni, wani lokacin ma a dawo maka da kayanka.

A 2013, don ya gwada mujallu, wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya shirya takardar ƙarya kan maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa.

Akwai kuma ƙidayar ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikin mutum. Wani masani mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro mata ma'auni a 2005: mai maki 10 yana da takardu goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma. Ma'aunin na da amfani, amma shi ma ana yi masa algus. Abokai kan mai da shi adashi, ka ambace ni yau, in ambace ka gobe.

A ganina, buhun adana wake na PICS ya fi wannan lissafi nuna tasirin bincike. Masana ƙwari da na tattalin arziki daga Jami'ar Purdue ta Amurka suka haɗa kai da takwarorinsu na Afirka, ciki har da na cibiyar INRAN da ke Maraɗi, aka fara yaɗa shi gadan-gadan daga 2007. Leda biyu ce cikin buhu, a ɗaure kowacce tam, iska ta ƙare wa ƙwarin wake ba tare da an zuba magani ba. Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar da ya kwance buhunsa da bazara ya tarar da wake garau bai san makin kowa ba.

Malam, kafin ka tura ko sisi, nemi sunan mujallar a rumbunan jerin mujallu na intanet kamar DOAJ, AJOL ko Scopus. Kai kuma mai sauraron tallan magani a rediyo, in an ce maka "bincike ya tabbatar", tambayi wa ya yi shi, kuma a wace mujalla ya fito.