Lissafin Da Ya Tona Asirin Malam-Buɗe-Littafi

A cikin shekarar 1862 wani Bature mutumin Ingila, Henry Bates, wanda ya yi shekara 11 a dazuzzukan kogin Amazon, ya bayyana abin da ya sa malam-buɗe-littafi mai daɗin ci yake ɗaukar kamannin mai ɗaci: tsuntsu ya gan shi, ya zaci mai ɗacin ne, ya ƙyale shi. Wannan yaudara ko a ƙasar Hausa akwai ta. Akwai wani mai ruwan goro wanda tsutsarsa take cin ganyen tumfafiya ta kwashi dafi, kuma macen wani iri dabam takan saje da shi.

Amma da sauran magana. A dazuzzukan nan na Amurka ta Kudu akan sami iri biyu, duka masu ɗaci, sun yi kama kamar an tsaga kara. To, me mai ɗaci zai ƙaru da shi in ya kwaikwayi mai ɗaci? Wani Bajamushe mazaunin kudancin Burazil, Fritz Müller, shi ya ba da amsa a 1878, kuma da lissafi ya ba da ita, abin da masanan halittu ba su saba yi ba a zamanin.

Ga yadda ya ɗauki al'amarin. Ba a haihuwar tsuntsu da sanin abin da ke da ɗaci, sai ya ɗanɗana, kuma ɗanɗanawar nan rayuka take ci. A ɗauka tsuntsayen wani daji sai sun kashe 1,200 kafin su gane launi guda su guje shi. A ce iri na farko su 2,000 ne, na biyu 10,000. In launinsu ya bambanta, kowanne zai yi hasarar 1,200, watau na farko ya rasa fiye da rabin jama'arsa ke nan. In kuwa launinsu ɗaya ne, sai su raba hasarar gwargwadon yawansu, na farko 200, na biyu 1,000. Na farko ya tsirar da rabin jama'arsa, na biyu kashi 2 cikin 100 kawai. Mai yawan ya ninka ɗan'uwansa sau 5, amma ribar marar yawan ta ninka tasa sau 25, watau 5 sau 5.

Lissafin yana da rauni, domin tsuntsu ba ɗan makaranta ba ne da zai haddace darasi gaba ɗaya. Yakan manta, yunwa kuma takan sa ya haɗiye abin da ya sani da ɗaci. Masana na baya sun shigar da waɗannan a lissafinsu, har wasu suka nuna mai ɗan ɗaci kaɗan yana iya zama kaya a wuyan mai ɗaci ƙwarai.

Duk da haka tushen maganar ya tsaya. A 1989 James Mallet da Nicholas Barton suka buga sakamakon gwajin da aka yi a Peru, inda aka kama masu wani launi, aka yi musu alama, aka sake su a yankin da tsuntsaye ba su san launin ba. Baƙin sun fi 'yan gida saurin ɓacewa, waɗansu da aka sake kamawa kuwa da shaidar bakin tsuntsu a fikafikansu.