Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, Nijeriya tana tunawa da sojojinta. Ana kiran wannan rana Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. 'Yan mazan jiya su ne tsofaffin soja. Muna tunawa da waɗanda suka mutu a bakin daga, muna kuma girmama waɗanda suka komo gida.

A da, ran 11 ga Nuwamba ake yin wannan biki. Dalili kuwa, a ranar ce aka tsai da Yaƙin Duniya na Farko, cikin 1918, da ƙarfe 11 na safe. Mutanenmu sun yi wannan yaƙi. Sun kara da Jamus a Kamaru, a Garwa da Mora. Daga nan aka kai su Afirka ta Gabas.

A 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, watau yaƙin Hitila. Sojojinmu suka tafi Habasha, suka yaƙi Italiya. Sa'an nan aka ɗebe su cikin jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga Bama don yaƙar Japan. Bama ƙasa ce mai kurmi da tsaunuka da ruwan sama mai yawa. Sau da yawa a ka suke ɗaukar kayan yaƙi, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. Zazzaɓi ya kwantar da su da dama. Aka gama yaƙin a 1945. Har yau akwai barikin Kalapanzin a Kaduna, sunan wani kogi ne na Bama.

To, me ya sa aka sauya ranar? A Yuli 1967 yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasarmu. Aka yi wata 30 ana gwabzawa. Ran 15 ga Janairu 1970 sojojin Biyafara suka miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Legas. Saboda haka aka mai da bikin wannan rana.

Bayan waɗannan, sojojinmu sun yi aikin kwantar da tarzoma a Kwango a 1960, da Laberiya a 1990. Da yawa kuma sun rasu a yaƙi da Boko Haram.

Ga yadda ake bikin. Kafin ranar, ana sayar da wata 'yar alama da ake maƙalawa a ƙirji. Ana tara kuɗin don taimakon tsofaffin soja da iyalan mamata. Ana addu'a a masallaci ran Jumma'a, a coci ran Lahadi. Ran bikin, soja su yi fareti, a busa bigila, kowa ya yi tsit. Shugaban Ƙasa ya ajiye furanni a Abuja, gwamnoni su ajiye a jihohinsu. A buga igwa, a saki fararen tattabaru, alamar zaman lafiya.

Mu fa, mene ne namu? Watakila a ƙauyenku akwai tsohon soja, ko matar da mijinta bai komo ba. Mu je mu gaishe su. Mu taya su noma. Tun da yanzu mun iya karatu, mu karanta musu takardun fansho, mu rubuta musu wasiƙa, kada wani ya cuce su. Mu kuma zauna lafiya da maƙwabtanmu, gama zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi
1. Wace rana ake bikin?
2. Me ya faru ran 15 ga Janairu 1970?
3. Yaya za ka taimaki tsohon soja?