Dunƙule Biyu, Kai Ɗaya: Me Ya Tayar da Ciwon?

Wata malamar makaranta ta daɗe tana fama da soriyasis a fatar kai. Tun tana budurwa likitan fata ya yi mata bayanin cutar: lafiyayyar fata takan ɗauki kusan wata guda kafin sabbin ƙwayoyinta su taso su maye gurbin tsofaffi, amma a jikin mai soriyasis garkuwar jiki ce ke ingiza su, sai su taso cikin 'yan kwanaki, su taru su yi ɓawo mai kauri, yana zuba kamar dusa. Ba a ɗaukarta a mataji ko ɗankwali. A 2014 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin manyan cututtukan da ba sa yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Yawancin shamfun kwalba zafi suke yi mata. Da yayarta ta dawo daga Ingila ta kawo mata tsarabar shamfu na dunƙule, wanda ido ba zai bambanta shi da sabulun wanka ba, sai ta gwada. Kai ya lafa, ƙaiƙayi ya ragu. Da ya ƙare ta nemi wani a wajen masu tallar kayan gyaran jiki ta WhatsApp. Shi ma dunƙule ne, an rubuta masa shamfu, an ce haɗin gida ne, babu sinadari ko ɗaya, ga ƙamshin na'a-na'a. Ba a jima ba gashi ya fara danƙo, ƙaiƙayi ya dawo, ɓawon kuma ya ɓullo a wuraren da bai taɓa zuwa ba: ƙeya, bayan kunne, da kan tsagar kitso.

Ta fara zargin yanayi, domin sanyi da bushewar hunturu sun saba tayar mata da ciwon. Amma ana tsakiyar damina ne. Ta duba maganinta: na shafawar da likita ya rubuta yana nan, ba ta yi fashi ba. Babu rashin lafiya, babu tashin hankali a gida. Abu ɗaya ne ya canza, shi ne dunƙulen. Da ta yi wa mai sayarwar magana, sai ta ce, "Ki ƙara haƙuri Hajiya, kan ne ke fitar da dattin shamfun kwalba. Ki riƙa ɗaurayewa da khal." Khal ɗin ya rage danƙon, amma duk inda fata ta tsage sai ya yi raɗaɗi.

Da ta koma wurin likita, sai ya fara da kore wasu zato. Ba makero ba ne, domin gashi bai karkarye ba, bai zube ya bar fili ba. Ba amosani ba ne, don ɓawon amosani maiƙo gare shi, wannan kuwa busasshe ne mai iyaka a fili. Sai ya yi tambayar da ba ta zata ba: "Malama, da wane ruwa kike wanke kai, kuma me kike gani a bokitin in kin gama?" Ta ce ruwan burtsatse ne, mai ɗan zartsi, kuma kwanan nan wani fari-farin abu yana kwanciya a gefen bokitin, haƙoran mataji ma suna cika da datti mai launin toka. Da dunƙulen farko ba ta taɓa ganin haka ba, alhali ruwan ɗaya ne.

Nan bakin zaren yake. Ya ce ta kawo kwalayen biyu. A na yayarta, sunan farko cikin jerin kayan haɗi shi ne sodium cocoyl isethionate. A na biyu kuwa sodium palmate ne da sodium cocoate. Waɗannan biyun sunayen sabulu ne zalla: manja ko man kwakwa da aka haɗa da soda, kamar yadda sabulun salo ke samuwa daga mai da ruwan toka. Na farkon ba sabulu ba ne, mawanki ne da ake haɗawa a masana'anta, dangin wanda Dove ta fito da shi kasuwar Amurka a 1957.

Bambancin ya fi bayyana a ma'aunin pH, mai tashi daga 0 zuwa 14, inda ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuma ɓangaren kanwa. Fatar kai tana wajen 5.5. Sabulu na gaske yana tsakanin 9 da 10, kuma ba a iya sauke shi ƙasa sosai ba tare da ya daina zama sabulu ba. Yana kwashe maiƙon da ke kare fata, ya bar ta a bushe. Lafiyayyen kai yakan farfaɗo da kansa, amma wanda soriyasis ya riga ya raunana ba ya jurewa. Sannan idan sabulu ya haɗu da kalsiyam da maganiziyam na ruwan zartsi, sai su dunƙule su zama wannan farin dattin da ruwa ba ya narkarwa. Abin da ta gani a bokiti, shi ne ya kwanta mata a gashi da fata.

Saura tambaya ɗaya: me ya kai ɓawon sababbin wurare? Amsar ta daɗe a littattafan likitoci. A shekarun 1870 wani likitan Jamus, Heinrich Köbner, ya lura da wani majinyaci da soriyasis ke fito masa daidai inda fata ta ji rauni, har da wurin da doki ya cije shi. Malamar ta ce sabon dunƙulen ba ya kumfa da ruwansu, shi ya sa take dirza shi kai tsaye a fata, ta bi da farce, in gashi ya bushe ta sa tsinken kitso ta ɓamɓare ɓawon. Duk inda tsinke da farce suka bi, nan ciwon ya bi. Sanyin na'a-na'a kuwa rufe ƙaiƙayin yake na ɗan lokaci, kuma mayukan ƙamshi irinsa na cikin abubuwan da ke harzuƙa fata mai rauni.

Ta ajiye sabulun, ta koma dunƙule marar ƙamshi irin na farko. Tana murza shi a tafin hannu, kumfar kawai take kaiwa kai, da tsokar yatsu, da ruwa mai ɗumi, ta ɗauraye sosai. Ta sassauta kitso. Ɓawo mai kauri kuma an bar wa maganin likita mai sinadarin salisilik ya laushe shi. A hankali kan ya koma yadda yake.

Sai dai kada a ɗauka duk dunƙulen da ba sabulu ba ne mai sauƙi ne. Wasu an cika su da sodium lauryl sulfate, sinadarin da masu binciken fata ke shafawa da gangan idan suna son su harzuƙa ta a gwaji. Kuma babu dunƙulen da ke warkar da soriyasis. Iyakar aikinsa ya wanke kai bai tsokano ciwon ba. Don haka mai wannan lalura, kafin ki biya kuɗi, ki juya kwalin ki karanta sunaye uku na farko. In babu jerin kayan haɗi a jikinsa, ki bar wa mai shi kayansa.