Mai Goge Ma Ƙwararre Ne: Kira Ga Masarautar Yawuri

A ƙasashen Turai, yaron da ya ɗauki gogen Bature yana da shekara biyar ko shida ya san hanyar da ke gabansa. Zai shiga makarantar kiɗa irin wadda aka kafa a birnin Paris tun 1795, ya yi shekaru yana goge hannunsa, sannan ya samu gurbi a babbar ƙungiyar makaɗa, ko ya haɗu da abokai uku su riƙa kiɗa a ƙananan zauruka. Gogen da Antonio Stradivari ya sassaƙa a Italiya kafin rasuwarsa a 1737 har yau ana kaɗa shi, kuma ana sayensa da miliyoyin daloli.

Mu ma muna da namu. Ƙoƙo ne aka rufe da fatar guza, aka ɗaura masa tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki, ana shafa ƙaro a izgar da ake goga shi. Gogen Bature tsirkiya huɗu gare shi, namu kuwa ɗaya tak, don haka kowace murya daga yatsun makaɗi da kunnensa take fitowa. Wanda ya saurari Garba Liyo ko Audu Yaron Goge ya san ba aikin rana ɗaya ba ne. Haka ƙanwar goge, wato kukuma, wadda Ibrahim Na Habu ya fito da ita fili, Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam suka shiga da ita gidajen rediyo da bukukuwan manyan birane.

Makarantar mai goge ita ce bin ubangida. Yaro kan fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi ko kiɗan ƙwarya, sai bayan shekaru a miƙa masa gogen. Ba rubutu, ba takardar shaida, ba albashi. Da zarar bukukuwa sun daina kiran ubangida, makarantar ta rufe ke nan. Abin da ke faruwa ke nan yau daga Warra zuwa Yelwa da Shanga, inda mai lasifika da kwamfuta ya fi araha wajen biki.

Akwai kuma batun suna. An daɗe ana danganta goge da bori da wuraren shashanci, malamai sun yi magana a kansa, iyaye kuma suna hana ’ya’yansu kusantarsa. Wannan damuwa tana da tushe. Sai dai a Dagomba ta ƙasar Gana, masu goge makaɗan fada ne da ke riƙe da tarihin sarakuna. A ƙasar Yarabawa, Yusuf Olatunji ya yi suna da shi a kiɗan sakara har rasuwarsa a 1978. Na Buzaye kuwa, wato imzad, wanda mata ke kaɗawa, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon ɗan’adam a 2013. Ashe darajar goge tana bin wurin da aka ajiye shi ne.

Ƙasar Yawuri ta san zafin rashi. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, dubban Gungawa da Kambari da sauran mazauna bakin kogi suka tashi. An gina musu sababbin gidaje, amma waƙar da ta bi tsoho kabari ba ta da magini.

Saboda haka muna roƙon masarauta da ƙananan hukumomin Ngaski da Yawuri da Shanga su nemo tsofaffin masu goge da suka rage, a naɗi kiɗansu da tarihin iyayen gidansu, a ba su fili na musamman a bikin Rigata. Jami’ar Tarayya ta Birnin Kebbi kuma ta adana abin da aka naɗa, ta tura ɗalibanta su nazarce shi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an same ta a cikin tulu.