Abin Da Ke Kashe Tsofaffin Motoci A Zafin Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Kazaure, matafiyi ba ya rasa ganin tsohuwar mota a gefen titi, an ɗaga bonet, fasinja sun fake a inuwar darbejiya. Daga cikinsu akwai Peugeot 504, watau Fijo, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun shekarar 1975, da kuma a-kori-kura masu jigilar hatsi da dabbobi zuwa kasuwannin Roni da Gwiwa da Babura.

Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne. Direba ya yi gudu mai nisa, ya tsaya sauke fasinja ko yin sallar azahar, da ya dawo sai mota ta ƙi tashi, ko kuwa ta tashi ta yi ta shaƙewa har ta mutu. Ga mai a tanki, ga batir da ƙarfinsa. Bayan rabin sa'a kuma sai ta tashi kamar babu abin da ya same ta.

Dalili kuwa shi ne fetur ba ya jure zafi kamar ruwa, wani sashe nasa yakan soma tafasa tun wajen digiri 40. A motocin da ke da kafireto, famfon mai yana manne ne a jikin inji, yana zuƙo fetur daga tankin da ke baya, zuƙar kuma tana ƙara masa saurin tafasa. Idan aka kashe inji, fanka ta tsaya, zafi ya taru a ƙarƙashin bonet, sai man da ke cikin bututu ya zama tururi. Famfon kuwa ba ya iya tura tururi, saboda haka kafireto ya zauna babu mai. Motocin zamani sun tsira daga wannan ne domin famfonsu yana cikin tanki, yana turo mai da ƙarfi.

A nan ne ake yawan asarar kuɗi. Sau da yawa akan kwance kafireto a wanke, a sauya fulogi, alhali kuwa lafiyarsu lau. Sanyin da injin ya samu yayin gyaran ne ya tayar da motar, gobe kuma ta maimaita.

Tsofaffin direbobi sun san maganin gaggawa: a buɗe bonet, a jiƙa tsumma a ɗora a kan famfon mai da bututunsa, a dakata. Amma al'adar tsiyaya fetur a bakin kafireto inji na da zafi ganganci ce, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara.

Gyara mai ɗorewa aikin bakanike ne kafin bazara ta kama. A nisanta bututun mai daga inda salansa ta fito daga inji, a sa faifan ƙarfe tsakaninsu ya tare zafi, sa'an nan a mayar da gasket mai kauri a ƙarƙashin kafireto idan an taɓa cire shi. A wanke lagireto, a ɗaure fambel, a sauya matatar mai, gama wadda ta toshe tana tilasta wa famfo ƙara zuƙa. Mai hali kuma ya sa famfon lantarki kusa da tanki. Wanda zai kai mara lafiya asibitin Kazaure da tsakar rana, gara ya ajiye galan na ruwa da tsumma a bayan mota.