Kalaman Ƙiyayya A Makarantu: Ina Iyakarsu Take?

Manomin da ya sayar da buhunan geronsa ya tura ɗansa Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ilimi yake fatan yaron ya dawo da shi. Amma yau saƙon murya guda a zauren WhatsApp na aji ya isa ya kunna wuta. Haka aka yi a Sakkwato a Mayun 2022, har aka kashe wata ɗaliba, abin da har yanzu yake sosa mini rai.

To, ina iyakar magana take a doka? A 1993 Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa. Sashe na 19 ya ba kowa damar faɗin ra'ayinsa, ko da bai yi wa wasu daɗi ba. Sashe na 20 kuwa ya wajabta haramta yaɗa ƙiyayyar addini ko ta ƙabila muddin ta kai ga tunzura jama'a.

Don auna wannan tunzurawa, ƙa'idojin da aka tsara a birnin Rabat a 2012 sun ce kafin hukunci a duba wa ya faɗa, a wane yanayi, da wace niyya, kuma shin maganar na iya jawo ɓarna. A ganina, ɗalibin da ya ce "ku fito mu far masa" shi ya kamata hukumar makaranta ta fara kira ofis.